Jiki Magayi: Me Ya Sa Mai Laifi A Littattafanmu Sai Ya Tona Kansa?

Duk wanda ya saba karanta littattafan da ake turowa a WhatsApp da Wattpad, ko yake sauraronsu a YouTube, ya san wannan babin. Maigida ya ci tuwon dare, cikinsa ya murɗa, kafin asuba rai ya yi halinsa. An kama amarya saboda ranar girkinta ce. Ta sha ɗauri, ta sha kuka, mai karatu ya taya ta har tsawon shafuka ɗari. Sai a babin ƙarshe uwargida ta haukace, ta fito tsakar gida ba ɗankwali tana faɗa da bakinta cewa ita ta barbaɗa shinkafar ɓera a miya. In ba hauka ba, to hatsarin mota ne, ta tara dangi a gadon asibiti tana neman gafara. Wani lokaci kuma boka ne zai zo karɓar cikon kuɗinsa ya fasa ƙwai.

Na karanta irin waɗannan da yawa, kuma ba zan ɓoye ba, wasu sun hana ni barci don daɗi. Marubutanmu, musamman mata, sun san cikin gida kamar yunwar cikinsu. Amma akwai tambayar da kusan ba a yi a cikin labaran nan: ina sauran miyar? Wa ya wanke tukunyar? Wa ya ga mamacin yana amai, kuma wane irin wari aman ya yi? Gaskiya a littattafanmu daga baki kawai take fitowa. Kwano da tukunya da sawun ƙafa da jikin mamacin ba su da ta cewa. Ina ganin wannan rauni ne a fasaha, kuma illarsa ba ta tsaya a kan takarda ba.

Ni sana'ata rubuta manhaja ce. A wani wuri da na taɓa aiki, bayanan kwastomomi sun ɓace a dare ɗaya, da safe wani ƙaramin ma'aikaci ya zo jikinsa na rawa ya ce shi ne, jiya ya danna wani abu bisa kuskure. Da gaske yake, har ya fara shirin tattara kayansa. Da muka buɗe kundin da na'ura ke rubuta duk abin da ya gudana a cikinta, sai muka ga gogewar ta faru ne da tsakar dare, sa'o'i bayan ya tashi aiki, kuma wani tsohon umarni ne da ni kaina na rubuta na manta. Tun ranar na daina ɗaukar "ni ne" a matsayin ƙarshen bincike.

Daga Gaya zuwa Faransa

Mu mutanen Gaya da Ajingi ba a littafi muka fara jin labarin amarya da shinkafar ɓera ba. A watan Afrilu na 2014, a ƙauyen Unguwar 'Yansoro cikin ƙaramar hukumar Gaya, wani ango da wasu mutum uku sun rasu bayan cin abinci, aka kama amaryar, yarinya 'yar shekara 14. 'Yan sanda sun ce ta amsa laifi. An kai shari'ar Babbar Kotun Jiha da ke Gezawa, lauyoyinta suka ƙalubalanci yadda aka ɗauki jawabinta tana ƙaramar yarinya, ba iyaye ba lauya a wurin. A 2015 gwamnatin Kano ta janye ƙarar, kotu ta sallame ta ba tare da an yanke hukuncin ta yi ko ba ta yi ba.

Ba shari'ar zan sake a nan ba, kuma rayuka huɗu da aka rasa ba abin wasa ba ne. Abin da ya tsaya mini shi ne irin hirar da aka riƙa yi a majalisu da motocin haya tsakanin Wudil da Gaya a wancan lokaci. An yi musu a kan auren dole, an yi a kan shekarunta, an yi a kan ko a kashe ta ko a yafe mata. Ban ji wanda ya tambaya yadda ake gane guba a cikin abinci ba, ko yadda ake bambance ta da wata cuta. Kalmar "ta amsa" ta rufe wannan ƙofar. Haka muka saba, kuma haka littattafanmu suke ƙara sabar da mu.

To, an taɓa yin shari'a mai kama da wannan a Faransa a 1840, kuma tana cikin waɗanda kimiyyar binciken laifi ta tsaya da ƙafarta a kansu. Marie Lafarge 'yar shekara 24 ce, an haɗa aurenta da wani mai masana'antar ƙarfe da ya yi ƙaryar arziki, ta tare ta iske tsohon gida cike da ɓeraye. Ta sayi gubar arsenik, ta ce don ɓerayen ne. Watanni kaɗan bayan auren mijin ya kwanta da amai da gudawa, ya mutu a watan Janairu. Dangin miji suka ce ita ce. Ita kuwa ba ta taɓa amsawa ba har ta bar duniya.

Matsalar arsenik a wancan zamani ita ce ba shi da wari, ɗanɗanonsa ba ya fita a abinci, kuma alamominsa kusan ɗaya suke da na kwalara. An daɗe ana kashe mutane da shi ana cewa ciwon ciki ne. A 1833, a Ingila, an tuhumi wani matashi John Bodle da zuba wa kakansa arsenik a kofi. Aka kira wani masanin sinadarai mai suna James Marsh, ya yi gwajin da aka sani a lokacin, ya samu wani rawayen gari da ke nuna gubar. Kafin ranar shari'a garin ya lalace, masu yanke hukunci suka duba ba su ga komai ba, aka sallami Bodle. Bayan shekaru shi da kansa ya amsa cewa shi ya yi. Takaicin wannan ne ya sa Marsh ya zauna ya ƙirƙiro sabon gwaji a 1836. Ana zuba abin da ake zargi a kan tutiya da asid irin na ruwan batir, in akwai arsenik sai wata iska ta tashi, a kunna mata wuta a kara farantin tangaran mai sanyi, sai baƙin tabo mai sheƙi ya kwanta a jikinsa. Tabon ba ya gogewa da kansa, ana iya ɗaukar farantin a kai gaban alƙali.

Wannan gwajin aka kawo shari'ar Lafarge a garin Tulle. A nan ne labarin ya fi daɗi ga marubuci, domin masanan ba su yi baki ɗaya ba. Likitocin farko sun ce akwai guba a cikin mamacin, amma da tsohuwar hanya suka yi aiki, har kwalbar gwajinsu ta fashe. Wasu suka zo da gwajin Marsh suka ce babu. Aka tono gawa aka sake, suka ce babu. Sai aka aiko da Mathieu Orfila daga Paris, wanda tun 1814 ya wallafa babban littafi a kan guba, ya sake gwajin ya ce ya samu, kaɗan ne amma akwai. Aka yanke mata ɗaurin rai da rai. Wani masanin, Raspail, ya soki aikin Orfila, Faransa ta rabu gida biyu, kuma har yau masu tarihi ba su gama musu a kan matar ba. Mai karatu ya lura: kimiyyar ba ta sauko kamar wahayi ba. Mutane ne suka yi ta da hannu, suka yi kuskure, suka gyara, suka yi jayayya a gaban jama'a.

Wanda bai amsa ba, da wanda ya amsa

A 1892, a garin Necochea na ƙasar Ajantina, an sami yara biyu an yanka su, uwarsu Francisca Rojas tana gefe da rauni a wuya. Ta ce wani maƙwabci ne mai suna Velázquez. 'Yan sanda suka kama shi, suka yi masa duka, ya dage bai yi ba. Da a littafinmu ne, sai mu ce taurin kai irin na mugu. Wani sufeto, Eduardo Álvarez, ya koma gidan bayan kwanaki ya ga tambarin yatsa na jini a jikin ƙofa. Ya yanko katakon, ya ɗauki zanen yatsun uwar kamar yadda Juan Vucetich ya koya musu, sai ga shi nata ne. Wannan ce shari'ar kisa ta farko da zanen yatsa ya warware. Abin da ya fara yi kuwa shi ne fitar da marar laifi daga hannun masu duka.

Kusan shekara ɗari bayan haka, a 1986, karon farko da aka yi amfani da gwajin DNA a binciken kisa a Ingila, wani saurayi ɗan shekara 17 ya riga ya amsa cewa shi ya kashe wata yarinya. Gwajin Alec Jeffreys na Jami'ar Leicester ya nuna ba shi ba ne, daga baya aka kama ainihin wanda ya yi. Ɗaya an doke shi bai amsa ba, ɗaya ya amsa abin da bai yi ba. Tarihin wannan ilimi tun farkonsa tarihin rashin sakin jiki da baki ne.

Adabi kuma bai tsaya kallo ba. A littafin farko na Sherlock Holmes, wanda Conan Doyle ya fitar a 1887, an fara nuna mana jarumin ne a ɗakin gwaje-gwaje yana murnar gano hanyar tabbatar da tabon jini. Sai a 1901 Paul Uhlenhuth ya samo gwajin da ke bambance jinin mutum da na dabba. Mark Twain ya warware shari'a da zanen yatsa a Pudd'nhead Wilson a 1894, shekara bakwai kafin 'yan sandan Landan su buɗe ofishin zanen yatsa. Edmond Locard, wanda ya kafa ɗakin gwajin 'yan sanda a ɗakuna biyu na saman kotun Lyon a 1910, mai karanta Holmes ne. Ƙa'idar da ake jingina masa ita ce duk inda mutum ya shiga sai ya bar wani abu, ya kuma ɗauki wani abu. Marubuta ne suka koya wa talakan Turai ya riƙa tambayar ina hujja.

Mu fa? Laifi yana cikin ƙagaggen labarin Hausa tun haihuwarsa. Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo labarin ɓarayi ne. Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East akwai sata da kisa a cikinsa, amma asiri da ramuwa da ƙaddara ne ke jan akalarsa. A 1982 Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina suka kawo bindiga da fasa-ƙwauri da manyan 'yan ta'adda. Duk littattafai ne masu daraja, sai dai a bayan mai laifi mai karatu yake tafiya, yana jiran ranar da dubunsa za ta cika. Mun gaji wannan tsari. Tambayarmu kullum ita ce yaushe alhaki zai kama shi, ba mu cika tambayar ta yaya aka san shi ne ba.

"Ai ba al'adarmu ba ce"

Na san abin da wasu abokaina marubuta za su ce, don sun sha faɗa mini. Mu muna binne mamaci da wuri, dangi ba sa son a taɓa gawa, ɗakunan gwaji sun yi mana nisa, kuma mai karatunmu wa'azi yake so: ya ga azzalumi ya tuba ko ya wulaƙanta. Akwai gaskiya a ciki. Amma cewa karanta alama baƙon abu ne a wurinmu, wannan ban yarda ba.

Ina yaro, a wani ƙauye cikin ƙasar Ajingi wajen kakannina, an wayi gari babu tunkiyar wani maƙwabci. Nan take zargi ya faɗa kan wani yaro baƙo da ke kwana a zaure, har samari sun fara karyo tsumagiya. Wani tsohon maharbi ya ce a dakata, kowa ya tsaya inda yake kada a tattake wurin. Ya durƙusa a bakin turke ya daɗe. Ya ce sawun da ya shigo na babba ne mai takalmin taya, ƙafar hagu tana karkata waje. Ya ce sawun fita ya fi na shiga nutsewa, kuma babu kofato a gefensa, wato saɓa ta aka yi a kafaɗa, abin da yaron ba zai iya ba. Ya nuna inda tururuwa ta ratsa ta kan sawun, ya ce tun farkon dare aka wuce. An bi sawun har ya hau burji ya ɓace. Ba a ga tunkiyar ba, ba a kama kowa ba. Amma ba a doki yaron ba. Tsohon nan bai taɓa jin sunan Locard ba, aikinsu ɗaya.

Irinsa ba su ƙare ba. Makiyayi yana gane saniyarsa a tsakiyar kasuwa da zanen da ke jikinta, mahauci yana duban fata ya ce ga irin wuƙar da aka yi fiɗa da ita. Ko a addini, ɗalibin da ya kai Suratu Yusuf ya san hukuncin da aka gina a kan riga: an duba ta gaba ta yage ko ta baya, yagewar ta wanke wanda aka zarga. Malamai sun yi rubutu mai yawa a kan hukunci da alamomi, irin su Ibn Farhun na mazhabar Malikiyya a Tabsiratul Hukkam, da Ibnul Ƙayyim a Aɗ-Ɗuruƙul Hukmiyya. Shi kansa iƙirari fiƙihu ya ɗaure shi da sharuɗɗa: mai yinsa ya zama baligi, mai hankali, ba a tilasta shi ba. Uwargidan da ta tona kanta cikin hauka a babin ƙarshe, alƙalin da ya san aikinsa ba zai ɗaure ta da wannan maganar kaɗai ba.

Rashin kayan aiki ma ba uzuri ba ne. Littafin da ake ƙirgawa a matsayin na farko a wannan fanni, wanda wani alƙalin ƙasar Sin mai suna Song Ci ya rubuta a 1247, ya kawo labarin wani da aka sassare a ƙauye. Mai bincike ya ga raunin na lauje ne, ya tara manoma ya sa kowa ya ajiye laujensa a rana. Duk a wanke suke, amma ƙudaje suka taru a kan guda ɗaya. Babu abin da ke cikin labarin nan da babu shi a Kademi ko Toranke ranar girbi.

Sabon boka

Wasu marubutan zamani za su ce ai su sun wuce nan, suna sa likita da gwajin DNA a labaransu. Na gani. Sai dai yadda ake sa su bai bambanta da malamin duba ba. Likita zai leƙa ɗaki minti biyar ya fito yana goge gilashi ya ce guba ce. Takardar DNA za ta iso cikin ambulan a shafi ɗaya, kowa ya zube yana salati. Ba a nuna wa ya ɗauki samfurin, hannun wa da wa ya bi, ko an musanya shi a hanya. An canza wa boka riga ne kawai. Alhali tarihi ya nuna masani ma yana ɓata: Alphonse Bertillon, gwarzon 'yan sandan Paris a fannin gane mutane, shi ne ya ba da shaidar cewa rubutun wata takarda na Kyaftin Dreyfus ne, aka ɗaure mutumin a 1894 bisa laifin da bai yi ba.

Abin takaicin shi ne, cikin waɗannan bayanai da ake tsallakewa labarin yake. Fiya-fiya da danginsa suna ƙanƙance ƙwayar ido, su kawo dalalar miyau da gumi da karkarwa. Wani nau'in maganin ɓera yana sa amai ya yi warin tafarnuwa ko ruɓaɓɓen kifi. Wake da aka adana da maganin ƙwari, ko rogo mai ɗaci da ba a jiƙa sosai ba, suna iya kwantar da gida guda ba tare da kowa ya yi nufin sharri ba. A Zamfara a 2010 yara sama da 400 suka mutu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, sai da aka gwada jini aka gane dalma ce daga duwatsun zinare da ake daka a cikin gidaje. Duk amaryar da aka kama ranar girkinta, akwai irin waɗannan tambayoyi tsakaninta da igiya.

Ina jiran littafin da za a kafa a Gaya, wanda jarumarsa tsohuwa ce mai wankan gawar mata, ta ga abin da ba ta saba gani ba a farce ko a leɓe, ta rasa wa za ta faɗa wa. Ko yarinyar gida da aka ce ta wanke tukunya, ta juye sauran miyar a gwangwani ta ɓoye. Ko ma'aikacin ɗakin gwaji a Babban Asibitin Gaya da dangin miji ke matsa wa ya faɗi abin da suke so su ji. Makarantar horar da manyan jami'an 'yan sanda tana nan Wudil, jami'ar kimiyya ma tana nan, marubucin da ke son ya san yadda ake adana samfur kuɗin mota kaɗan zai kashe. Kishi da makirci da tuba duk za su samu wuri a irin wannan labari, ba abin da zai ragu.

Hausawa suka ce jiki magayi, muna nufin mai rai zai ji a jikinsa. Masu binciken farko sun nuna jikin da ya daina numfashi ma yana da abin faɗa, haka ƙofa da lauje da farantin tangaran. Matashin da ya karanta labari ɗari, a kowanne wanda aka nuna da yatsa ya ƙare da amsa laifi, shi ne gobe zai ji an yi ihun ɓarawo a kasuwa ya duƙa ya ɗauki dutse. Da a ce cikin ɗarin nan goma sun nuna masa tsoho durƙushe a bakin turke yana cewa a dakata, wataƙila da ya tsaya ya tambaya.